Ƙafar Ƙaramar Mota Za Ta Ɗauki Nauyin A-kori-kura?

Ya kai manomin auduga, in kaka ta yi, ka tsince audugarka, ka ware fara da mai datti, saura aiki guda: kai ta wurin awo. Wani ya kai da amalanke, wani kuwa ya ɗauki hayar a-kori-kura, watau ƙaramar motar kaya. Akwai kuma ƙungiyoyin manoma da suka haɗa kuɗi suka sayi tasu. Da rani motar nan ce za ta komo muku da taki da iri.

To, wata rana sai taya ta fashe, ko ƙarfen ƙafa ya lanƙwashe. A je wurin mai faci, ya ce yana da ƙafar ƙaramar mota, irin ta shiga, da araha. A gwada ta, ramuka su yi daidai, noti ya ɗauru. Sai kowa ya ce, "Ai shi ke nan, ta hau." Wannan darasi a kan wannan magana yake. Ka karanta shi da kyau, ka kuma karanta wa direbanku.

Ga amsar tun da fari. Hawa dabam, ɗaukar kaya dabam. Kama da wane ba ta wane. Yawancin ƙafafun ƙananan motoci ba za su iya da nauyin a-kori-kura mai lodi ba. Ba kuwa da ido ake ganewa ba, sai da lamba. Yanzu za mu nuna maka lambobin, da inda suke, da yadda za ka yi lissafin da kanka.

1. ƘAFAR MOTA ABU UKU CE

Abu na fari taya, watau robar da ke taka ƙasa. Na biyu ƙarfen da taya ke zaune a kansa, wanda wasu ke kira wili, wasu kuma janti. Na uku su ne notuna da ke ɗaure ƙarfen a jikin mota. Kowanne daga cikin ukun nan yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. In ɗaya ya kasa, duka sun kasa. Ka dubi igiyar guga. Ko da duk tsawonta sabuwa ce, in taku ɗaya ya ruɓe, a nan za ta tsinke, guga ya koma rijiya.

2. NAUYI NAWA KE BISA KOWACE ƘAFA?

Wanda ya ƙera mota ya riga ya faɗi iyakar nauyinta. Ya rubuta shi a wani ɗan faranti na ƙarfe, ko takarda mai gam. Ka neme shi a jikin ƙofar direba, ko kusa da inji, ko ƙarƙashin kujera. Za ka ga lambobi a jere, kowace da kg a bayanta, watau kilo. Ta sama ita ce iyakar nauyin mota duka, da ita kanta, da mai, da mutane, da kaya. A takardun Faransanci wannan ne ake rubutawa PTAC. Can ƙasa za ka ga 1 da wata lamba, wannan iyakar ƙafafun gaba ke nan. Ka ga 2 da wata lamba, wannan iyakar ƙafafun baya.

Lambar ƙafafun baya ita ce abin nemanka, gama a nan kaya ke zama. Ga misali. A ce farantin motarku ya nuna haka:

Mota duka: kilo 3,000
1, gaba: kilo 1,450
2, baya: kilo 1,800

Ƙafafun baya biyu ne. Raba 1,800 gida biyu, ka sami 900. To, lalle kowace ƙafa ta baya ta iya ɗaukar kilo 900, ko fiye. Taya ta iya, wili ma ya iya.

Kada ka raba nauyin mota duka gida huɗu. Wannan kuskure ne da mutane da yawa ke yi. In ka raba 3,000 gida huɗu za ka sami 750, ka ga ke nan ka rage wa kowace ƙafar baya kilo 150, buhu uku na taki.

3. LAMBAR DA KE JIKIN TAYA

Tsuguna ka dubi gefen taya. Ka share ƙura, za ka ga rubutu. Tayar ƙaramar mota takan nuna irin wannan:

195/65 R15 91H

Lambobin farko girman taya ne. 195 faɗinta ne da milimita, 15 kuwa girman wilin da za ta hau, da inci. Lambar ƙarshe, watau 91, ita ce lambar nauyi. Harafin da ke bayanta na gudu ne. Wannan 91 ba kilo 91 ba ne. Alama ce, kuma masu yin taya na duniya sun yarda da ma'anarta guda. Ga kaɗan daga ciki, ka kwafa a littafinka:

82, kilo 475
86, kilo 530
88, kilo 560
91, kilo 615
95, kilo 690
100, kilo 800
102, kilo 850
104, kilo 900
106, kilo 950
109, kilo 1,030
112, kilo 1,120

Yanzu ga rubutun tayar motar kaya:

195 R14C 106/104

Ka lura da harafin C. Shi ne shaidar cewa don kaya aka yi ta. Wasu tayoyin suna da LT maimakon C, su ma na kaya ne. Lambobin nauyi biyu ne a nan. Ta fari, 106, in taya ita kaɗai ce a gefenta. Ta biyu, 104, in tagwaye ne, kamar na bayan manyan motoci. Sau da yawa kuma za ka ga an rubuta 8 PR, wannan ma shaidar ƙarfin jikinta ne.

Ka ga tayoyin nan biyu, faɗinsu ɗaya, 195. Mai kallo daga nesa sai ya ce duk ɗaya ne. Amma ɗaya kilo 615 take ɗauka, ɗaya kilo 950. Tsakaninsu kilo 335 ke nan a ƙafa guda.

4. MU YI LISSAFI DA BUHUN TAKI

Mu koma ga motar misalinmu. A ce in babu kowa babu komai a cikinta, ƙafafun baya suna ɗauke da kilo 800, nauyin motar kanta. Iyakarsu 1,800. Saura kilo 1,000 na kaya, watau buhu 20 na taki mai kilo 50.

To, a cire tayoyinta a sa masu lamba 91. Biyu za su ɗauki 615 da 615, watau 1,230. A fid da 800 na jikin mota, saura 430. Buhu 8 ke nan da ɗan ƙari. Direba kuwa bai sani ba. Ya saba da buhu 20, haka zai loda. Nan take an ɗora wa tayoyin nan kilo 570 fiye da ƙarfinsu, sama da buhu 11. In 'yan rakiya sun hau bisa kaya, sai a ƙara nasu.

Har ma abin ya wuce nan. A Amurka ƙa'ida ta ce, in za a sa tayar ƙaramar mota a motar kaya, sai a raba lambar ƙarfinta da 1.10 tukuna. Da wannan lissafi taya mai kilo 615 ta koma kilo 559 ke nan. Dalili kuwa, motar kaya ta fi tsawo, ta fi tangaɗi, kuma ta fi daɗewa da nauyi a kanta.

5. DON ME TAYA KE FASHEWA?

Ka sani iskar da ke ciki ita ke ɗaukar kaya, robar kuwa riƙe iskar take yi. Ana auna iska da bar. Masu faci da yawa sukan ce "kilo biyu da rabi", suna nufin bar 2.5, ba kilo na awon auduga ba. Tayar ƙaramar mota ta yau da kullum tana kai cikar ƙarfinta a bar 2.5, watau 36 a gejin Ingilishi. Irin tayar C da muka nuna sai an ba ta bar 4.5, watau 65, kafin ta ɗauki kilo 950. An saka jikinta da zare da waya masu kauri don ta jimre wa wannan iska.

Wani zai ce, "To, mu cika wa ƙaramar iska mana." A'a. Ƙarin iska ba ya ƙara mata ƙarfi bayan iyakarta. An rubuta iyakar iskar a gefenta, kada a wuce.

In kaya sun fi ƙarfin taya, gefenta sai ya kwanta. Kowane juyi sai ya lanƙwashe ya miƙe, ya lanƙwashe ya miƙe. Ka taɓa lanƙwasa waya kana miƙewa da sauri? Ka ji yadda take zafi a hannu, daga baya ta karye? Haka taya take. Zafi ya taru a cikinta, roba ta rabu da zare, sai ka ji fashewa. Ga ƙasarmu kuma da rana. A Madawa, da Gaya, da Garwa, zafi yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu, kwalta kuwa ta fi haka zafi. Lokacin nan ne kuma ake ta jigilar kayan gona kafin damina.

Abin tsoro shi ne, ba lalle ta fashe ran da aka cuce ta ba. Ɓarnar tana ciki, ba a gani. Sai bayan mako biyu, a hanya mai kyau, da kaya kaɗan, ta ba da amsa.

6. ƘARFEN MA YANA DA IYAKA

Wasu sukan sayi tayar C mai kyau, su ɗora ta a wilin ƙaramar mota, su ce sun yi maganin abin. Ba su yi ba. An ƙera wilin ƙaramar mota daidai da nauyin ƙaramar mota. Ƙarfensa ya fi siranta. In aka yi ta ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya soma tsagewa a hankali, galibi daga bakin ramukan noti, ko wurin da aka yi walda. Tsagar takan soma kamar silin gashi.

Juya wili ka dubi bayansa. Masu farin ƙarfe, irin na ado, da yawa an buga iyakar nauyinsu a ciki, lamba da KG a bayanta. Na Japan sukan zo da tambarin JWL in na ƙananan motoci ne, da JWL-T in na motocin kaya ne. Baƙin wili na ƙarfe sau da yawa ba a rubuta nauyinsa ba. In haka ne, sai ka tambayi daga wace mota aka ciro shi. In daga mota irin taku ne, ko wadda ta fi ta nauyi, madalla. In daga ƙaramar mota ne, ko kuwa ba wanda ya san asalinsa, bar shi.

Ban da nauyi, akwai abu huɗu da za ka sa makaniki ya duba:

Na ɗaya, ramukan noti. Yawansu da tazararsu su yi daidai sosai. Motoci dabam-dabam sukan yi tarayya a wannan. Ga misali, motar kaya ta Volkswagen Transporter T4 ramukanta biyar ne bisa da'ira mai milimita 112, daidai da na ƙananan motocin Mercedes da Audi da yawa. Wannan ne ke ruɗin mutane, su ga ta hau su ce ta yi.

Na biyu, babban ramin tsakiya. Ya kamata ya zauna cif a kan cibiyar ƙafa. In ya yi faɗi, wili ba zai zauna a tsakiya ba, mota ta yi ta rawa, notuna su sha wuya.

Na uku, mazaunin noti. Wani noti bakinsa kamar mazurari, wani kamar rabin ƙwallo, wani a shafe. Kowane wili da irin nasa. In aka sa wanda ba nasa ba, zai kama da ɗan baki kaɗai, ya kwance a hanya.

Na huɗu, zurfin wili, wanda ake rubutawa ET da lamba. In bai yi daidai ba, taya ta shige ciki ta goge birki ko sifirin, ko ta fito waje ta cinye boris.

Wilin da ya tsage aka yi masa walda, ko ya lanƙwashe aka buga shi da guduma, kada ya koma ƙarƙashin motar kaya.

7. AUDUGA BA TA DA NAUYI, AMMA...

Za ka ce, "Ai auduga ce, ba siminti ba." Gaskiya ne, dami guda ba shi da nauyi. Amma kilo na auduga da kilo na taki duk kilo ne. Don ba ta da nauyi ne ake danne ta, a tattaka, a tula ta sama har ta ninka tsawon mota, a bar wata tana reto a baya. Wannan yana jawo abu biyu.

In kaya sun yi tsawo, da an zo kwana, ko gefen hanya ya karkata, nauyi sai ya koma gefe guda. Ƙafar da ke wajen kwana ta ɗauki nata, ta ɗauki rabon 'yar'uwarta.

In kaya sun zarce ƙafafun baya, sai su ɗaga gaban mota, su danne baya, kamar yadda kaya a ƙarshen amalanke ke ɗaga wuyan sa. Ƙafafun baya su ɗauki fiye da nauyin kayan kansu, sitiyari kuma ya yi sakwa-sakwa a hannun direba.

In tayar baya ta fashe da irin wannan lodi, mota takan juya, ta kife. Ka tuna abin da ke sama. Wahalar shekara ce, tun daga shuka, da noma, da feshi, da tsinka. Audugar da ta zube cikin ƙasa da baƙin mai ta bar lamba ɗaya ke nan, ta koma ta biyu, ko a ƙi ta. Wili in ya goge kwalta yakan fid da tartsatsi, ka kuwa san auduga da wuta. Bashin taki da magani yana nan yana jira, ba ruwansa da haɗari. Duk wannan mai sauƙi ne a kan ran ɗanka da ke zaune bisa kaya.

8. TO, AMALANKE FA?

Wani zai tambaya, "Ga amalankena da ƙafafun ƙaramar mota, shekara da shekaru, ban ga komai ba." Haka ne, kuma ba laifi. Shanu tafiyar mutum suke yi, kilomita uku ko huɗu a sa'a. A wannan tafiya taya ba ta yin zafi, in ma ta fashe amalanke tsayawa zai yi. Mota kuwa tana yin kilomita 80. Saboda haka tsohuwar ƙafar ƙaramar mota wurinta amalanke.

Amma ko a nan ka yi lissafi. Tayoyi biyu masu lamba 91 kilo 1,230 ne. In ka ɗora tan guda, ka haɗa da nauyin amalanken kansa, ka kai kusa da iyaka. Masu lamba 82 kuwa kilo 950 ne su biyu, sun fi dacewa da amalanken jaki. Ka riƙa ba su iska, gama taya mai laushi tana gajiyar da dabba. Ka kuma kiyayi kututturen auduga da aka sare a gona, yana huda taya kamar mashi.

9. IN ZA KA SAYI TSOHUWAR TAYA

Ba kowa ke da kuɗin sabuwa ba. In ta hannu za ka saya, irin 'yan Kwatano, ka duba abu huɗu.

Ka ga C ko LT, ka ga lambar nauyi ta kai lissafinka.

Ka duba shekarunta. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi rubutun har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu. Biyun fari mako ne, biyun ƙarshe shekara. 3521 na nufin mako na 35 na shekarar 2021. Tun shekarar 2000 haka ake rubutawa. In lambobi uku ka gani, ta girmi 2000, kada ka taɓa ta. Masu yin taya da yawa sun ce wadda ta kai shekara 10 a cire ta, ko da zanenta bai cinye ba.

Ka duba gefenta ciki da waje. In akwai kumburi, ko tsattsagewa, ko faci a gefe, bar ta.

In ka ga hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, tayar sanyin Turai ce. Robarta taushi gare ta, zafinmu yana cinye ta da wuri.

10. IN DOLE TA SA A DAJI

Wata rana za ku lalace a hanya, ba wata ƙafa sai ta ƙaramar mota. In ramuka da notuna sun yi daidai, ga abin da za ku yi. Ku sauke kaya, a bar mai gadi. Mutane su sauka. In girman ya yi daidai da na sauran, ku mai da ƙafar gaba mai kyau baya, ku sa baƙuwar a gaba, inda nauyi bai kai na baya ba. Ku tafi sannu-sannu zuwa gari mafi kusa, ku nemi ta gaskiya. Kada a ce, "Bari mu ƙarasa wannan sawu tukuna." Sauri ya haifi nawa.

Kowace ƙafa aka ɗaura, a ɗaure notuna a gicciye, ɗaya nan ɗaya can. Bayan tafiyar kilomita 50 a tsaya a sake ɗaure su.

ABIN DA ZA KA RIƘE

1. Nemi lambar ƙafafun baya a farantin mota, ka raba ta biyu.
2. Lambar nauyin taya ta kai wannan, ko ta fi.
3. Motar kaya, tayar C ko LT, bisa wilin motar kaya.
4. Tayoyin baya biyu su zama iri ɗaya, girma ɗaya.
5. A auna iska da geji da safe, taya na sanyi, ba da bugun ƙafa ba.
6. Kaya masu nauyi a ƙasa, a gaban ƙafafun baya. Sawu biyu ya fi lodi guda mai kifewa.
7. In haya ka ɗauka, zagaya motar ka karanta tayoyinta kafin a ɗora damin farko. Kuɗinka ne, audugarka ce, ba rashin kunya ba ne. Ka ce, "Malam direba, don Allah bari in duba ƙafafun nan."

TAMBAYOYI

Ku taru ku amsa waɗannan a taron ƙungiya.

1. Farantin wata mota ya nuna kilo 1,700 a ƙafafun baya. Kilo nawa ke kan kowace ƙafa? Wace lambar nauyi ce mafi ƙanƙanta da za ta isa?
2. An kawo maka taya mai rubutu 185/65 R14 86T. Kilo nawa za ta ɗauka? Ta mota ce ko ta amalanke a wurinka?
3. Taya mai lamba 0816, a wace shekara aka yi ta?
4. Don me ƙarin iska ba zai mai da tayar ƙaramar mota ta kaya ba?

Abin da ya shige muku duhu, ku tambayi malamin gona, ko makanikin da kuka amince da shi. Gobe da safe kuwa, kafin a ta da mota, ka ɗauki tsumma ka share gefen tayoyinta, ka karanta. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kai amfanin gonarmu kasuwa lafiya, amin.